Hannun Gidado

A Tashan Dukku na saye shi, wata Laraba,
wajen Bappayo mai firem da kalanda:
hoton Gidado Walƙiya jingine da motarsa,
lamba sha bakwai a ƙofa, hular kwano a hammata,
daga ƙasa ga sa hannu, baƙi wuluk,
ya miƙe, ya lanƙwasa, ya ɗaga bindi kamar kunama.

Dubu takwas ya ce. Na taya biyar.
Ya rantse da tuwon da zai ci da dare
a gabansa aka sa, kan bonet, inji bai ma huce ba.
Na ƙirga masa shida da rabi,
ladan kabureta uku da birki guda,
na soke hoton cikin riga, na hau acaɓa
ina ta murmushi ni kaɗai.

Mu yaran gareji da sunansa muka tashi.
Mota ta kama bugu ɗaya, mu ce Gidado.
Yaro ya sha kwana da baro bai zubar ba, Gidado.
Ban taɓa ganin tserensa ba.
Rugugin kawai na gada daga bakin manya.

Jibir ne ya ɓata mini shayi.
Ya ɗaga hoton ga haske, ya karkata shi,
ya shafa da ɗan yatsa, ya juya baya.
Ya ce biro in ya bi takarda sai ya bar sawu
kamar taya a laka,
wannan kuwa sumul, ko kwarmi babu.
Sannan ya zaro nasa daga aljihu.
Muka ɗora ɗaya kan ɗaya, muka saita rana:
bindi ya hau bindi, ɗigo ya hau ɗigo.
Ko Hassan da Usaini akwai mai tabo.
Hannun mutum ba ya bin sawunsa sau biyu.
Shi dubu tara ya biya.
Sai na ɗan ji sanyi.

Ran Asabar na shiga motar Dadin Kowa.
Tambaya uku, kwatance huɗu, gonar albasa,
ga tsoho tsugune gaban injin ban ruwa,
sifana a baki, silifa ɗaya ɗaure da waya.
Na gaishe shi sau biyu kafin ya ɗago.

Ya daɗe yana duban hoton.
Motar yake kallo, ba saurayin ba.
"Giya ta uku," ya ce, "gardama gare ta."
Na nuna masa rubutun.
Ya yi dariya har ta koma tari.
"Wannan ya fi ni iya sunana.
Ni bahago ne, ɗana.
Abin da na rubuta, gefen hannuna ke bi yana sharewa."

Ya goge tafi a wando, bai gogu ba.
Ya karɓi birona, ya kifa hoton a gwiwa.
Hannun da ya riƙe sitiyari a kwanar mutuwa
yau rawa yake kamar salansa ta kwance.
Harafin farko ya faɗa rami,
na uku ya kauce hanya,
na ƙarshe da ƙyar ya kai gida,
baƙin mai na biye da shi a baya.
Bai karɓi ko sisi ba. Albasa ma ya ba ni.

Na koma wa Bappayo, ban ce komai ba,
na miƙa masa bayan hoton.
Ya duba, ya taɓe baki:
"Wa ya cuce ka? Wannan ai jabu ne."

Yana nan rataye a garejinmu na Jekadafari,
sama da akwatin sifanu.
Masu kawo gyara kan tambaya
don me na juya fuskarsa bango.